Wasiƙa daga Osaka

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Baba? A gaishe min da Yaya da yaranta.

Kin tambaye ni wai ko shinkafa kaɗai nake ci safe da dare. Wallahi ni ma haka na zata kafin in zo Japan. Tsohuwar da nake haya a gidanta ta haura tamanin, amma kullum karin kumallonta gasasshen burodi ne da kofi. Ran nan na tsokane ta, na ce Kaka, ina shinkafar? Ta yi dariya, ta ce ai a makaranta aka ɓata su. Bayan yaƙin duniya na biyu yunwa ta addabi ƙasar, sai aka riƙa kawo alkama da madarar gari daga Amurka, ana raba wa ɗalibai burodi da rana. Ta ce madarar ƙarni gare ta, sai sun toshe hanci suke kurɓewa. Burodin kuwa ya zauna musu a baki har tsufa. A 1962 mutum guda yakan ci wajen kilo 118 na shinkafa a shekara, yanzu ko rabin haka ba a kaiwa.

Na nama ya fi ba ni mamaki. Tun a shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da doki da kaza, kuma ƙyamar nan ta bi jikin mutane kusan shekara 1,200, har sai da Sarki Meiji ya ci naman shanu a 1872. Yau ga naman shanun Kobe, nan kusa da mu, sai mai hannu da shuni. Ni dai ta gilashin kanti muke gaisawa da shi.

Ita ma taliyar leda mai saurin dahuwa a nan aka haife ta. Ando Momofuku ne ya ƙirƙiro ta a 1958, a wani ɗan ɗaki bayan gidansa a garin Ikeda, nan kusa da Osaka. Ita ce rufin asirina idan wata ya yi nisa, sai dai nakan tsaya in duba rubutun jikin ledar da waya, don da yawa da romon alade ake haɗa su. Ki kwantar da hankalinki, ina kiyayewa, kuma ban rame ba.

A ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.

Ɗanki mai kewarki.