Zafin bazara ne ke zubar da furen tumatir, a gyara lokacin dashe

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin jan hankalin manoman rani, musamman na yankin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, da takwarorinsu na Ɗanja da Zariya, kan wani kuskure da ake maimaitawa duk shekarar da bazara ta yi tsanani.

Ba a manta da bazarar 2024 ba. Azumi ya faɗo a tsakiyarta, daga 11 ga Maris zuwa farkon Afrilu, kuma a ranar 3 ga Afrilu zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Mu ma nan arewa mun ɗanɗana. Da aka shiga Mayu da Yuni sai tumatir ya gagari talaka, gidaje da yawa suka koma kauɗa da na gwangwani. Laifin duka aka ɗora wa sharon, tsutsar nan da ta cinye gonaki a 2016 har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta. Ba shakka sharon ta yi ɓarna. Amma a gonaki da dama zafi ne ya riga ta, domin tun kafin ta huda ganye furen ya zube.

Tumatir shuka ce mai son rana, amma furenta ba ya jure ƙuna. Idan zafin yini ya haura digiri 32 zuwa 35, na dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21 zuwa 24, ƙurar da ke cikin furen, wadda ita ce ke sa ya ƙulla ɗa, sai ta mutu. Zafin daren ya fi illa, kuma shi ne manomi ba ya lura da shi. A Kano daren Afrilu yakan kwana a wannan mataki ko sama da shi. Alamar a fili take ga mai dubawa: ka tsuguna ka kalli ɗan sandan da ke riƙe da fure, za ka ga gaɓarsa ta yi ɗorawa, da ka taɓa da yatsa furen ya faɗo. Babu huda, babu tsutsa, ganye kuwa shar da shi. Mai gona ya ga haka sai ya ruga kasuwa ya sayo maganin feshi, ko ya ƙara takin yuriya. Duka biyun asarar kuɗi ce. Yuriyar ma ta fi muni, don ganye take ƙarawa, shukar ta yi duhu ta yi kyan gani, fure kuwa ya ci gaba da zuba.

Maganin yana cikin lissafin kwanaki. Iri yakan yi kwana 25 zuwa 30 a wurin reno kafin dashe. Bayan dashe da kamar wata ɗaya fure ke fara fitowa, ya ci gaba har makonni huɗu zuwa shida. Daga fure zuwa nuna akwai kusan kwana 45 zuwa 55. Ke nan wanda ya dasa a Nuwamba furensa zai fito a sanyin hunturu, wanda ya dasa a farkon Janairu zai tsallake da ƙyar, wanda kuwa ya kai Fabrairu ya miƙa furensa ga zafin Maris da Afrilu da hannunsa. UC82B da Roma da aka saba shukawa a nan duk iri ne na lokacin sanyi.

Na san abin da manoma za su ce, kuma suna da hujja. Idan kowa ya dasa a Nuwamba, a Fabrairu da Maris kaya ya cika kasuwar Kwanar Gafan, kwando ya faɗi warwas, wani ma kuɗin mota ba zai fitar ba. Shi ya sa wasu ke jinkirta dashe don su riski tsadar Mayu. Wanda ya zaɓi wannan kasada, to ya yi mata shiri, kada ya zuba jarinsa duka a ciki. Ya raba gonar kashi uku, ya dasa da tazarar mako uku tsakanin kowane kashi, na ƙarshen ya zama mafi ƙanƙanta, kuma ya nema masa iri mai ƙananan 'ya'ya, domin sun fi masu manya jure zafi.

Sai batun ruwa, inda nan ne ake yawan tafka kuskure. Ban ruwan da ake yi duk kwana biyar ko bakwai a hunturu ba ya isa a bazara. A ƙasa mai yashi sai duk kwana biyu ko uku, da asuba ko bayan la'asar, daidai gwargwado. Barin fangali ya bushe ya tsage sannan a malale shi da ruwa shi ke haifar da abu biyu: 'ya'yan su fashe, ko gindinsu ya yi baƙin tabo, ya lotsa kamar busasshiyar fata. Wannan ruɓewar gindin ba cuta ba ce da feshi zai warkar, sinadarin kalsiyam ne bai isa cikin ɗan ba saboda ruwan yana yankewa. A shimfiɗa karan shinkafa ko busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsu huɗu a kan ƙasa, yana riƙe laima kuma yana sanyaya saiwa, amma a bar tazara kaɗan daga jikin shukar saboda gara. Mai hali ya kafa ragar inuwa mai rage kashi 30 zuwa 40 na hasken rana. Marar hali ya shuka layin masara ta ɓangaren yamma, makonni uku kafin dashe, ta tare ranar azahar zuwa la'asar da busasshiyar iska.

Kada a tsige ganye a wannan lokaci. Shi ne lemar 'ya'yan, idan babu shi gefen da ke kallon rana sai ya yi fari ya ƙone. Kuma kada a jira tumatir ya yi ja a jikin uwarsa, domin sama da digiri 30 zuwa 32 jan launin ba ya haɗuwa sosai, sai dai ya yi ruwan lemo ya yi laushi. A tsinke shi da sassafe da zarar ƙasansa ya fara sauya launi, a ajiye a inuwa, zai ƙarasa nuna da kansa, kuma zai fi jure tafiya Legas. Kiret ɗin roba mai ɗaukar kilo 25 ya fi kwandon da ake ɗora wani kan wani na ƙasa ya matse.

Ita kuwa sharon zafi ne abincinta. A bazara cikin ƙasa da wata ɗaya take zagayowa daga ƙwai zuwa uwa, kuma mace ɗaya na iya yin ƙwai sama da 200. Tsutsar tana shigewa cikin ganye ta ci tsakiyarsa ta bar farin tabo kamar leda, don haka feshin da aka makara ba ya riskarta. A riƙa duba bayan ganye sau biyu a mako, a kafa tarko mai ƙamshin da ke janyo namiji don a san ranar da ta shigo, a yi feshi da yamma saboda na tsakar rana yana ƙona ganye da fure. A sauya magani ta duba sinadarin da aka rubuta a jikin kwalbar, don kwalabe uku masu suna daban kan ɗauke da abu guda, ita kuma ta saba da shi. Wanda ya gama tsinka ya tuge tsofaffin shukokin ya ƙone, kada ya bar wa maƙwabcinsa mai sabon dashe gado.

Roƙona ga hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Kano (KNARDA) da cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda shi ne su haɗa kai da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa (NiMet), tun a watan Oktoba su riƙa faɗa wa manoma ta rediyo, da Hausa, makon da ya kamata a rufe dashe a kowace shekara, da sunayen irin da suka gwada a zafin Afrilu da inda za a same shi.

Wassalam,
Wani malamin gona, daga Kano