A kwantar da shi, kada a ɓatar da shi: abin da na gani a Bristol

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in sa baki a maganar gine-gine da sunayen da mulkin mallaka ya bar mana. Maganar ta sake tasowa a watan Oktoban 2024, da hukumomin Nijar suka sauya sunayen wasu wurare a Yamai. Titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, aka kuma cire hoton sojan Faransan nan Parfait-Louis Monteil aka sa na Thomas Sankara a gurbinsa. Na yi farin ciki da aka karrama Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba da ya ce wa Faransa a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Monteil shi ne ya ratsa Sakkwato da Kano da Kukawa tsakanin 1890 da 1892, yana duba layin da Ingila da Faransa suka ja a takarda daga Say zuwa Barruwa, layin da aka fara raba ƙasar Hausa da shi. Yaron da aka haifa bana a Yamai, wa zai nuna masa fuskar mutumin ya ce masa ga wanda ya zo, ga kuma abin da ya zo nema?

A birnin Bristol na ƙasar Ingila nake zaune da iyalina, kuma garin ya sha wannan rigima har ya fita da wata mafita da nake ganin ta cancanci a ji ta a gida.

A tsakiyar garin akwai mutum-mutumin tagulla na wani attajiri, Edward Colston, wanda aka kafa a 1895, shekara 174 bayan mutuwarsa. Allon da ke ƙasansa yana cewa yana cikin mafiya nagarta da hikima a 'ya'yan birnin. Gaskiya ne ya gina makarantu da gidajen gajiyayyu. Abin da allon bai faɗa ba shi ne inda dukiyar ta fito. Daga 1680 zuwa 1692 Colston yana cikin kamfanin Royal African Company, har ya zama mataimakin shugabansa. A waɗannan shekaru masana tarihi sun ƙiyasta kamfanin ya kwashi 'yan Afirka kusan 84,000 zuwa gonakin rake da taba, ciki har da yara kusan 12,000. Kusan 19,000 sun mutu a hanya, aka jefa gawarwakinsu a teku. Da ƙarfe mai zafi ake buga musu tambarin kamfanin a ƙirji. Duk lokacin da na wuce ta wurin kafin 2020, sai in ga mutum ya jingina da sanda, ya dafa haɓa kamar mai tunanin alheri, kuma jikokin waɗanda aka sayar suna wucewa ta ƙarƙashinsa za su aiki.

Tun kafin talakawa su sa hannu, masu zane da sassaƙa ne suka fara tona maganar, kuma wannan ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba. A 2006 Hew Locke, wanda ya tashi a ƙasar Guyana, ya ɗauki babban hoton mutum-mutumin ya lulluɓe shi da sarƙoƙi da lambobin yabo da ƙoƙunan kai da kuɗin wuri. Da na ga kuɗin wurin nan jikina ya yi sanyi, domin irinsa ne kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa, kuma da shi ake biyan kuɗin mutum a bakin teku. Locke bai taɓa tagullar ba. Ado ya yi masa da abin da ya tara dukiyarsa da shi, har adon ya yi masa nauyi. A watan Oktoban 2018 kuma aka wayi gari wani da bai bayyana sunansa ba ya jera ƙananan siffofin mutane kusan ɗari a ƙasa gaban Colston, a kwance kafaɗa da kafaɗa yadda ake jera bayi a cikin jirgin ruwa. A gefe ya rubuta sana'o'in da ake bautar da mutane a cikinsu yau, irin su wankin mota da aikatau da tsinkar 'ya'yan itace. Ya haɗa jiya da yau a wuri guda, babu dogon jawabi.

Ita kuwa hukuma sai jan ƙafa. An yi ta gardama a kan ƙara allo na biyu da zai faɗi gaskiya, ana gyara kalmomi ana sassauta su, har a 2019 magajin gari Marvin Rees, wanda mahaifinsa ɗan Jamaika ne, ya ƙi amincewa da rubutun saboda an wanke shi ya zama ba ya cewa komai. Haka aka zauna har ranar 7 ga Yunin 2020, bayan kisan George Floyd a Amurka. Masu zanga-zanga suka ɗaura wa mutum-mutumin igiya suka jawo shi ƙasa, suka shafe shi da jan fenti da shuɗi, suka gangara da shi har tashar jiragen ruwa suka jefa shi ciki, daura da gadar Pero. Ita gadar an ba ta sunan wani bawa ne da aka kawo Bristol daga tsibirin Nevis.

Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Na yi aiki da dattawan Turawa da suka yi karatu a makarantun da ke ɗauke da sunan Colston, kuma abin ya yi musu ciwo ƙwarai, suna ganin ƙuruciyarsu aka jefa a ruwa. Ban raina ɓacin ransu ba. Mutum huɗu aka gurfanar a kotu, masanin tarihi David Olusoga, haifaffen Legas, ya ba da shaida a kan cinikin bayin, kuma a watan Janairun 2022 aka wanke su.

Abin da ya biyo bayan faɗuwar ya fi faɗuwar muhimmanci. Kwana huɗu bayan jefa shi, hukumar gari ta tsamo shi. Masu adana kayan tarihi suka wanke taɓon, amma suka bar fentin da masu zanga-zanga suka shafa, har suka yi aikin da zai hana shi ɓarewa, domin a ganinsu fentin ma ya zama tarihi. A watan Yunin 2021 aka nuna shi a gidan tarihi na M Shed, a kwance rigingine, kewaye da allunan da mutane suka ɗaga a ranar. Aka tambayi jama'a me suke so a yi da shi. Kusan mutum 14,000 suka amsa, kuma a cikin mazauna Bristol kusan huɗu cikin biyar suka ce a bar shi a gidan tarihi. Tun 2024 yana can dindindin a cikin akwatin gilashi.

Na kai 'ya'yana. Ƙaramar ta tambaye ni, "Baba, me ya yi aka kwantar da shi?" Shekara 125 mutumin yana tsaye a kan dakalinsa, yara na wucewa ba sa tambayar komai, don wanda aka ɗaga sama ai an riga an gaya maka mutumin kirki ne. Da aka kwantar da shi da fenti a fuska, sai ya zama dole uba ya buɗe baki. Ranar na yi musu bayanin jiragen bayi, na kuma yi musu bayanin da ya fi mini wuya, cewa a namu garuruwan ma an sayar da mutane. Da an narkar da shi ko an bar shi a ƙasan ruwa, da wannan hira ba ta faru ba. Miki ne, in aka rufe shi da mugunya a ciki ba ya warkewa.

Akwai kuma darasi a kan su kansu masu fasahar, don ba duk abin da suka yi ne ya zauna ba. Ranar 15 ga Yulin 2020 da asuba, wani shahararren masassaƙi daga Landan, Marc Quinn, ya ɗora siffar Jen Reid a kan dakalin da babu kowa. Ita baƙar fata ce da ta hau dakalin ranar zanga-zangar ta ɗaga hannu a dunƙule. Aikin ya yi kyau, mutane da dama sun yi hawaye a gabansa. Washegari hukuma ta sauke shi, magajin gari ya ce mutanen Bristol ne za su yanke abin da zai hau wurin. Wasu masassaƙa baƙaƙen fata, irin su Thomas J Price, sun soki Quinn da cewa ya yi amfani da damar ne. Ina tare da magajin gari a nan. Laifin mutum-mutumin farko shi ne wasu masu hali ƙalilan ne suka zaɓa wa gari wanda zai girmama. In wani mai hali ya sake zaɓa wa gari cikin dare, ko da niyyarsa fara ce, hanyar ba ta sauya ba. Banksy, mai zanen bango ɗan garin, shi shawara kawai ya bayar: a mayar da Colston kan dakali da igiyoyi a wuya, a ƙera siffofin masu jan sa. Ba a yi ba, amma ya bar wa mutane zaɓi.

Na san mai karatu zai ce, mu ina ruwanmu da gumaka? Addininmu bai yarda da sassaƙa siffar mutum a kafa ta ba, kuma ni ma ba ina kira a yi hakan ba ne. Shi ya sa misalin garin Bolzano na arewacin Italiya ya fi kusa da mu. A can akwai wani gini na zamanin Mussolini, tsohon shugaban kama-karya na Italiya, da katafaren sassaƙe a bangonsa mai tsawon mita 36, Mussolini a kan doki, da taken jam'iyyarsa mai umartar mutane su yi imani, su yi biyayya, su yi yaƙi. Masu jin Jamusanci a garin suna so a rushe, wasu masu jin Italiyanci suna so a bari. Aka buɗe gasa, aka sami shawarwari kusan 500. Waɗanda suka ci, Arnold Holzknecht da Michele Bernardi, ba su fasa ko dutse ɗaya ba. A 2017 aka shimfiɗa rubutu mai haske a kan sassaƙen, cikin harsuna uku na yankin, da maganar masaniyar falsafa Hannah Arendt cewa babu mai haƙƙin yin biyayya, wato babu wanda zai aikata zalunci ya fake da cewa umarni aka ba shi. Yanzu ba za ka ga Mussolini ba sai ta bayan wannan rubutu. Rubutu kawai, ranka ya daɗe. Shi kuwa rubutu da zayyana ai gadonmu ne. Muna da masu zayyanar allo, muna da maginan da ke zana bangon soro a Zariya da Kano da Damagaram, muna da marinan Ƙofar Mata, muna da mawaƙan da ke riƙe tarihin sarakuna ɗari a ka.

Wuraren da ke jiran irin wannan aiki ba su ɓoyu ba. Ga Lugard Hall a Kaduna, inda majalisar Arewa ta zauna, inda ta jihar take har yau. Wasu na so a sauya sunan, wasu na cewa tarihi ne a bari. Ni da za a ji tawa, a bar ginin, amma duk mai shiga ya wuce ta gaban bango da magina suka zana, ɗauke da sunayen yaƙoƙin Kano da Giginya ta Sakkwato da Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, da Satiru na 1906, inda aka kashe mutane kusan 2,000 aka rushe garin a zamanin da Lugard ke mulkin Arewa. A rubuta da boko da ajami da Turanci. A Nijar kuma ga Birnin Ƙonni da Lugu da sauran garuruwan da rundunar sojojin Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone a 1899, ga kaburburan su biyun a Maijirgi.

Sai dai in za mu yi, mu yi da adalci. Bai kamata mu rubuta laifin Bature kaɗai mu tsallake namu ba. An sayar da bayi a kasuwar Kurmi. Akwai rinji da gandun sarakuna da bayi suka noma, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. A Satiru ma ba Turawa kaɗai suka yi yaƙin ba, da dakarun gida a tare da su. Har yau akwai gidajen da ake hana aure saboda asali, ana raɗa shi a zaure ba a faɗa a fili. Wannan ya fi Colston kusa da mu, kuma na san ya fi shi wuyar taɓawa. Amma na ga tsofaffin da suka yi fushi a 2020 suna tsaye a gaban gilashin nan suna karanta allunan a natse, kusa da matasan da suka ɗaga su.

Roƙona ga gwamnatocin jihohi da masarautu da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa shi ne, kafin a cire suna ko a rushe gini, a kira masana tarihi na jami'o'inmu, a kira zuriyar waɗanda abin ya shafa, a buɗe gasa ga masu zane da magina da mawaƙa, a bar jama'ar gari su zaɓa. Abin da aka cire kuma a kai shi gidan tarihi da bayaninsa, kada a jefa shi a sito. Ku kuma 'yan jarida, ina roƙon ku tura wakili Satiru da Burmi da Maijirgi, ya zauna da dattawan yankin ya naɗo abin da iyayensu suka gaya musu, ku buga mana.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku ɗan Kaduna,
mazaunin Bristol, Ingila.