Ƙanena bai fara shan ƙwaya don nishaɗi ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida in faɗi abin da ya same mu a gida, ko zai amfani wasu.

Ƙanena yana aji biyu a jami'a muka gano yana shan tiramadol. Yaro ne mai kunya, sallar jam'i ba ta wuce shi. A shekararsa ta farko ya faɗi kwasa-kwasai biyu. Da ya dawo hutu, Baba ya ce masa a gaban ƙannensa, "Dama kai kanka ba ya ja." Ni ma na sa baki, kuma har yau abin yana cina a rai. Ya koma makaranta ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Da jarrabawa ta matso, abokin ɗakinsa ya miƙa masa ƙwaya, wai da ita zai kwana yana karatu. Ya karɓa.

Bayan an yi masa magani na tambaye shi abin da ya hana shi ƙi. Ya ce, "Yaya, na riga na yarda kaina shi kaɗai ba zai fisshe ni ba. To da wane baki zan ce a'a?"

A 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da ƙwaya. Shugaban NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, Buba Marwa, ya sha kiran a riƙa yi wa ɗalibai gwajin ƙwaya, kuma ban ƙi ba. Sai dai gwaji wanda ya riga ya faɗa yake kamawa. Da an gwada ƙanena ranar da ya shiga jami'a, da tsaf za a same shi, alhali raunin yana nan a zuciyarsa.

Wani malaminsu ne, Allah ya saka masa, ya ɗora shi a kan ɗalibai biyar na aji ɗaya, ya ce ya riƙa yi musu bitar wani kwas da ya taɓa ci. Ranar farko muryarsa rawa take. Da yaran suka ci gwaji suka zo suna masa godiya, sai ya kira ni a waya, ya daɗe bai iya magana ba. A zangon nan ya zauna jarrabawa ba ƙwaya.

Ina roƙon shugabannin jami'o'i su sa ofishin ba da shawara ya riƙa neman duk ɗalibin da ya faɗi kwas a makon da sakamako ya fito, kada a jira ya kawo kansa, don irin ƙanena kunya ba za ta bar shi ya ƙwanƙwasa ƙofar ba.

Wassalam.

Wata yaya, daga Zariya