Ƙanena ya auri namiji a Ingila, Umma kuma sai kiran sunansa take

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya haƙuri da mu. Dan Allah ki ɓoye sunana da lambata, ko garin da nake aure kar ki faɗa, ki ce wata baiwar Allah kawai. Yau kwana tara kenan ban yi barcin kirki ba, yanzu ma ƙarfe biyun dare ne ina zaune a kicin nake rubuto miki dan kar maigidana ya ga hasken waya ya fara tambaya.

Maganar ƙanena ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autan Umma. Na girme shi da shekara tara kuma kusan ni na raine shi, dan bayan haihuwarsa Umma ta daɗe tana jinya. Sikila ne Anti. Duk wanda ya yi rainon sikila ya san me nake nufi, lokacin hunturu ba ma barci, in dafa ruwa in jiƙa tawul ina gasa masa ƙafafu da baya yana ihu yana cewa Yaya ƙashina zai fashe, sau nawa na goya shi muka fita neman mota zuwa asibitin Shika da asuba, har jarabawata ta WAEC akwai pepar da na shiga da kayan da na kwana da su a asibiti. Ina faɗa miki wannan ne dan ki san ba ƙinsa nake ba, saboda yanzu an mayar da ni kamar ni ce muguwa, ɓangare ɗaya na cewa na yi masa rashin imani ɗaya ɓangaren na cewa ni na ɗaure masa gindi.

Yana Ingila tun 2017, bayan ya gama ABU ya samu tallafin karatu ya tafi digiri na biyu, daga nan ya samu aiki ya zauna. A 2022 ya kira ni ta bidiyo yace Yaya akwai maganar da na daɗe ina so in faɗa miki, ke kaɗai. Wallahi na ɗauka Baturiya ya samo, har na fara tsokanarsa ina cewa in dai za ta musulunta ni zan lallashi Umma. Sai ya yi shiru yana kallon ƙasa, can yace ya yi aure wata uku da suka wuce, kuma namiji ne. Anti ban san sanda wayar ta faɗi ba. Da na ɗauka nace masa auren takarda ne ko, dan a ba ka izinin zama, ka ce min na takarda ne in san yadda zan yi da zuciyata. Yace a'a Yaya, ina da takarduna ta wajen aiki, ba zan miki ƙarya ba. Wai a ofishin rajista na ƙaramar hukuma aka yi, da shaidu biyu, suka sa hannu aka ba su satifiket kamar kowa.

Abin da na faɗa masa a ranar ba zan iya maimaita shi duka ba. Nace da ma ciwon nan ya kashe ka tun kana ƙarami da na huta. Eh na faɗa. Amma Anti ki sa kanki a matsayina, wace ’ya mace ce da aka yi wa tarbiyya irin tamu za ta ji wannan ta yi guɗa? Na toshe shi a WhatsApp da ko’ina, na yi sati ina zazzaɓi, maigidana ya ɗauka ciki ne.

Na manta ban faɗa miki ba, Baba ya rasu tun 2020, kuma har yau ba a raba gado ba, gida ne guda ɗaya da gona da wani shago. Wannan yana da muhimmanci saboda Yaya Babba, wanda muke uba ɗaya da shi, ɗan ɗakin uwargida ne. Mutumin nan Anti tun Baba na da rai bai taɓa sayen ko Panadol wa Umma ba, amma duk sallah shi ne na farkon kiran auta, ƙanina ya sanyi, ƙanina kuɗin makarantar yara, ƙanina rago ya yi tsada. Motar da yake hawa yanzu waye ya cika masa kuɗinta? Matarsa kuwa ba a magana, in kina son labari ya zaga unguwa kafin la’asar ki faɗa mata ki ce sirri ne.

To kwana tara da suka wuce wata baƙuwar lamba mai +44 ta yi ta kirana, sau huɗu, ina aji ina koyarwa. Da na fito na ɗauka sai na ji muryar Bature yace “Sannu Yaya”, da wata irin Hausa a karkace, sannan ya koma Turanci. Shi ne mutumin. Bakina ba zai iya kiransa da sunan da suke kiransa ba, mutumin kawai nake cewa. Yace auta na asibiti ciwon ya hau masa ƙirji, an sa masa iskar oksijin an yi masa musanyar jini, yana ɗakin kulawa ta musamman, kuma kafin ya fita hayyacinsa sunana yake ta kira. Yace ya san ba na son jin muryarsa amma ya ga bai kamata a ɓoye min ba. Yana magana yana kuka Anti, ƙato da shi. Ya juya kyamara na ga ƙanena da robobi a hanci, ya rame, ga tawul a kan ƙafafunsa, mutumin yace wai auta ne ya koya masa yadda nake gasa masa tun yana yaro.

Ni abin da ya tsaya min a rai kenan. Kwana shida mutumin nan yana kan kujera a gefen gadon, shi likitoci ke yi wa bayani, sunansa ne a takardar asibiti a matsayin makusanci, ya san sunan kowane magani da awon jininsa, ya ɗauki hutu a makarantar da yake koyarwa. Ni da na goya shi ina nan ko bizar zuwa ba ni da ita, kuma shekara nawa ban ko tambayi ya jikinsa ba. Na tsani mutumin nan, na sha yi masa mugun fata a sujada, a raina shi ya lalata min ƙane, to yanzu kuma in ba dan shi ba wa zai zauna da shi a ƙasar da ba dangin iya ba na baba? Ban ce abin da suke yi daidai ba ne, astagfirullah, na san hukuncinsa na san ƙissar mutanen Annabi Luɗu tun ina Islamiyya, kar wani mai sauraro ya kira ya fara min wa’azi kamar ban sani ba.

Kuma maganar wai shi ya lalata shi, in zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, auta tun yana firamare haka yake. Ba ya zuwa ƙwallo, kullum yana gindin murhu da mu, ya fi ni iya tuƙa tuwo, yaran layi na binsa suna ɗan daudu ɗan daudu. Ranar da na kama shi ya ɗaura ɗankwalina a gaban madubi da wayar rediyo na zane shi, yaro mai sikila, daren nan sai da ciwonsa ya tashi. Mun kai shi an yi masa ruƙiyya, ya sha rubutu har ba adadi, shi da kansa yake azumin Litinin da Alhamis likita na hana shi. A lokacin ni gyara nake, kowa ma haka zai yi, ba wanda ya ce min ga wata hanya. Amma ranar da ya faɗa min maganar auren yace Yaya tun ina shekara 12 nake roƙon Allah ya cire min ko ya ɗauki raina, ban saurare shi ba a ranar, sai yanzu maganar ke dawo min cikin dare.

Na koma kan Yaya Babba. Da hankalina ya tashi a ranar na kira shi ina kuka nace auta ba lafiya a sa shi a addu’a, kuskurena kenan, na tura masa lambar mutumin dan ya ji halin da ake ciki tunda shi ne babba. Ashe hoton da ke kan lambar na ranar rajistar ne, su biyu da kwat da fulawa a ƙirji. Kafin magariba hoton na gurup ɗin gidanmu. Ko ya jiki bai tambaya ba Anti. Abin da ya fara rubutawa shi ne yaron nan ya yi ridda ba shi da gadon Baba, kuma duk wanda ya san da maganar ya ɓoye shi ma a binciki imaninsa, ni kenan. Na tambayi wani malami a ɓoye ba tare da na ce gidanmu ba ne, yace babban zunubi ne ƙwarai amma saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci sai in ya halatta shi, kuma zumunci bai faɗi ba. Auta kuwa yana sallah, mutumin ma yace ko a asibiti da ya farfaɗo sai da ya nemi a nuna masa gabas. To ni ban san ya ake haɗa wannan da wancan ba, kaina ya kulle.

Yanzu Yaya cewa yake in auta ya sake ya tako ƙasar nan shi da kansa zai kai hoton inda ya dace. Kuma kin san ba wasa ba ne. Tun Janairun 2014 da Jonathan ya sa hannu a dokar nan, wanda ya yi irin wannan aure shekara 14 ne a gidan yari, wanda ya halarta ko ya taimaka shekara 10, kuma ko a waje aka ɗaura Najeriya ba ta san da shi ba. Auta ne ma ya taɓa ce min a shekarar dai, watan Maris, aka fara ɗaura irinsa a Ingila, abin da ake ba ka satifiket a can shi ake ɗaure ka a kai a nan. A Zariya a 2017 an kama mutum 53 a wani otal aka ce bikin auren jinsi suka je, na tuna yadda auta ya yi tsit a gida satin nan ko abinci ba ya ci, ni ban gane ba a lokacin, watanni kaɗan bayan nan ya tafi. Ga na Ningi a 2022 da kotun shari’a ta yanke wa mutum uku hukuncin jifa, ga 19 da Hisbah ta kama a Kano ƙarshen shekarar, ga 76 a Gombe a 2023. Ni wallahi ba ma kotun nake tsoro ba kamar samarin unguwa, in hoton nan ya fita daga gurup wa zai tsaya jiran alƙali? Har ni ina tsoron aikina da aurena, ’yata ta fari an kawo kuɗin gaisuwarta, in dangin yaron suka ji fa? Shin ni da na sani na yi shiru dokar za ta iya hawa kaina?

Umma ba ta sani ba. Ba ta da WhatsApp, ƙaramar waya ce da ita, tana da hawan jini da suga, kuma kuɗin maganinta duk wata auta ke turowa, ko lokacin da na toshe shi bai fasa ba ta asusun ƙanwata yake sakowa, ni kuma ina karɓa in sayo maganin ina yi kamar ban san daga ina ba. Wannan ma Yaya yace haram muke ci, shi da ya ci na mota. Duk dare sai ta ce autana bai kira ba, jikina na ba ni ba lafiya ba, ku kira min shi. Matar Yaya kuma ta fara zuwa gaishe ta kullum, abin da ba ta taɓa yi ba, na san so take ta fasa ƙwan. In Umma ta ji daga bakin matar nan wallahi faɗuwa za ta yi, in kuma ta ji ta yi masa baki fa, yana kwance a wannan halin?

Da farko niyyata in tambaye ki yadda za a raba su ne, ko akwai addu’ar da zan duƙufa a kai ya dawo gida a yi masa aure ya huta mu huta. Amma ’yar wa zan ɗauko in ba shi in cuce ta, kuma ya dawo ina, hannun Yaya? Ban ma san me nake tambaya ba Anti. In riga matar Yaya faɗa wa Umma, ko in ce mata ba shi da lafiya kawai in haɗa su a waya? In na buɗe shi a WhatsApp na ce ya yafe min maganar da na faɗa masa, na yarda da abin da yake yi kenan, ina da zunubi? Dan maganar nan ta da ma ka mutu ita ke hana ni barci, saura kaɗan Allah ya amsa min.

An fito da shi daga ɗakin kulawar shekaranjiya amma ba ya cin abinci. Jiya mutumin ya turo min saƙo, wai auta yace ba abin da yake sha’awa sai kunun gyaɗa irin nawa, ya je shagon ’yan Afirka ya sayo gyaɗa da shinkafa da tsamiya amma bai san ya ake yi ba, ko zan taimaka in rubuta masa. Na zauna na rubuta tas da Turanci, yadda zai jiƙa gyaɗar ya cire bawon ya markaɗa ya tace, kar ya daina juyawa dan kar ya kama, ruwan tsamiyar a ƙarshe bayan ya sauke, har na sa masa kar ya cika suga auta ba ya so. Yana nan a wayata tun jiya da la’asar ban tura ba. In tura?

Ki taimaka ki karanta a shirin wannan satin dan Allah, kafin Juma’a, ranar ce Yaya ya kira taron gida.

Taki,
wata baiwar Allah