Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Noma: amyoyinmu na zama kango

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina addu'ar Allah ya taya ka riƙo.

Ranka ya daɗe, ni manomin riɗi ne a ƙasar Gumel ta Jihar Jigawa, kuma ɗan mai amya. Tun ina ƙarami nake riƙe wa mahaifina igiya idan zai hau gawo. Da hannunsa yake saƙa amya da gamba, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya shanya, ya turara, sannan ya ɗaure ta a reshe. A wancan zamani da wuya wata ya ƙare zuma ba ta shiga ba. Amyoyin da ya bar mana, Allah ya jiƙansa, yau fiye da rabi babu komai a ciki sai yanar gizo da ƙadangaru.

A daminar bara, cikin watan Satumba, waken maƙwabcina ya yi fure, riɗina ma ya yi. Ya ɗauko wani yaro mai injin feshi ya yi masa aiki da hantsi, daidai lokacin da gona take ta gunjin ƙudan zuma. Washegari da na je gindin gawon, sai na tarar da su a zube kamar an watsa ƙaiƙayi. Na durƙusa na ɗebo cikin tafin hannuna: harsunansu a waje, wasu ba su gama mutuwa ba, suna ta juyi a ƙasa sun kasa tashi. Amya uku na rasa a wannan makon.

Ban yi faɗa da maƙwabcin nawa ba, domin bai san abin da ya yi ba. Rubutun jikin kwalbar da Turanci yake, ƙanana sosai, shi kuwa ajami kaɗai yake karantawa. Abin da mai kanti ya gaya masa bai wuce "murfi uku a tanki" ba. Yaron ma ko ƙyalle bai rufe hancinsa da shi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, maƙwabcin nan yana da gonar riɗi a gefen tawa, wato ma'aikatansa ya kashe da kuɗinsa.

Wannan ne dalilin rubuto maka, ranka ya daɗe. Mutane da yawa, har da masu ilimi, sun ɗauka amfanin ƙudan zuma ya ƙare a ruwan zuma da kaki. Alhali babban aikinsa a gona yake. Idan ya shiga fure neman ruwa mai zaƙi, garin furen yakan manne a gashin jikinsa, ya kai shi wani furen, daga nan shuka take ɗaukar 'ya'ya. Yakan yi tafiyar kilomita 3 daga amyarsa yana wannan aiki a gonar kowa, bai tambayi mai ita ba. Gero da dawa da masara da shinkafa ba sa jiransa, don haka tuwo zai samu. Miya da kuɗin aljihu su ne za su gagara: kabewa, kankana, gurji, irin albasa, mangwaro, auduga, riɗi, da kaɗanyar da mata suke samun man kaɗe a jikinta. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gonar da duniya take ci suna dogaro, ko da kaɗan ne, da ƙwarin da ke bin fure.

A Burkina Faso, ƙasar da yanayinta ya yi kama da namu, an yi gwaji aka wallafa sakamakonsa a 2017. An rufe furannin wasu shuke-shuke don kada ƙudan zuma ya kai gare su. Auduga ta ragu da kashi 37 cikin 100, riɗi kuwa da kashi 59. Kai ka fi ni sanin matsayin riɗi a cikin kayan gonar da Najeriya take fitarwa waje, ka kuma san buhunan da ake lodi a kasuwar Maigatari. Gwamnati takan raba taki da iri kowace damina, madalla, amma taki ba ya iya yi wa fure aikin da ƙudan zuma yake yi.

Waɗanda suka riga mu shiga wannan hali sun ɗauki mataki. A 2006 masu kiwon zuma a Amurka suka riƙa buɗe akwatunansu suna tarar da sarauniya da 'yan tsiraru, sauran sun ɓace. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan ƙwari uku a buɗaɗɗen fili saboda illarsu ga ƙudan zuma: imidacloprid, clothianidin da thiamethoxam. Irin waɗannan shuka take tsotse su har cikin furenta, ƙudan zuman da bai mutu nan take ba sai ya ruɗe ya manta hanyar gida. Ka aika a duba kantunan magani na kasuwannin ƙauye, za a tarar da wasu daga cikinsu a kan tebur. Kuma tun da tsutsar masara ta shigo mana a 2016, shekarar da ƙwaro ya cinye tumatir a Kano da Kaduna, manomi ya koyi yin feshi ba ƙaƙƙautawa. Ba na ganin laifinsa, gonarsa yake karewa. Amma mun ga inda rashin tsari ya kai mu a 2015, lokacin da Turai ta daina karɓar wakenmu saboda yawan fiya-fiya a jikinsa.

Ba guba kaɗai ba ce. Akwai yunwa. Gawo yana fure ne bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da daji ya bushe, shi ke riƙe zuma har ɗorawa da kaɗanya da mangwaro su karɓa. Yau masu gawayi suna bin manyan itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya. Maganin ciyawa ya share ƙananan furannin gefen gona, wutar daji ta lashe ragowar. Zumar ƙasarmu kuwa ba ta zama inda babu abinci da ruwa, tashi take yi ta bar maka amya. A yankunan da rashin tsaro ya addaba, masu amya ba sa ma iya shiga daji su duba.

Mu ma masu sana'ar muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Har yanzu akwai mai zuwa da dare da damin kara yana ci da wuta, ya babbake gidan gaba ɗaya, ya kwashe saƙa har da ta 'ya'ya. Shan rana ɗaya, asarar shekara. Ga kuma masu dafa sukari suna sayarwa a tasha da sunan zuma, sun karya farashi har matasa sun daina ganin riba a saƙa amya.

Abin da na fi roƙonka ba ya cin kuɗi mai yawa. A koya wa manomi cewa idan gona tana fure, feshi sai da yamma liƙis bayan ƙudan zuma ya koma gida, ba da hantsi ba, ba kuma cikin iska ba. Ya sanar da mai amyar da ke kusa tun ana gobe. A faɗa a rediyo, a sa malaman gona su faɗa ranar kasuwa, a wajabta wa masu shigo da magani su rubuta gargaɗin da Hausa, boko da ajami, da hoton ƙudan zuma babba yadda wanda bai iya karatu ba zai gane. Ka zauna da hukumar NAFDAC a sake duba magungunan nan uku. Idan kuma an tashi dashen itatuwa a jihohin bakin hamada, a haɗa da gawo da magarya da bagaruwa da ɗorawa, kada ya zama darbejiya kaɗai. Matasa kuma a ba su akwatin zuma na zamani da rigar kariya da abin hayaƙi, wanda ake ɗiban zuma ba tare da an kashe gidan ba.

Limamai za su taimaka maka idan ka neme su. Sura ta 16 a Alƙur'ani sunan ƙudan zuma ta ɗauka, kuma a cikinta aka ce akwai waraka ga mutane a abin da ke fita daga cikinsa. Hadisi ya zo da hanin kashe shi. Mutanenmu sun san wannan, abin da ba su sani ba shi ne murfi ukun nan yana cikin kisan.

Ranar 20 ga Mayu ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ƙudan zuma, kuma tana faɗowa daidai lokacin da muke sharar gona. Ina roƙon a fara sanarwar daga ranar, a ci gaba da ita har wake ya gama fure. Na saƙa sababbin amyoyi biyar bana, na turara su yadda mahaifina ya koya mini, suna rataye a gawon nan ina jira.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
Wani manomi mai amya, daga ƙasar Gumel