Wasiƙar godiya ga wani shagon sigarin lantarki a Birmingham

Zuwa ga mai shago da ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in yaba muku kan wani hali da ba kasafai ake samunsa a kasuwa ba, wato ɗan kasuwa ya tsaya ya koya wa abokin cinikinsa yadda zai rage yawan kuɗin da yake kashewa a shagonsa. Na rubuta da Hausa ne saboda ɗaya daga cikin ma'aikatanku ɗan zangon Kumasi ne, na kuma san zai karanta muku, sannan akwai 'yan'uwa mazauna wannan gari da ke fama da irin matsalar da kuka warware mini.

Tun daga ranar 1 ga Yuni, 2025, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta haramta sayar da sigarin lantarki irin wanda ake sha a yar, mu da muka bar taba muka dogara da shi sai muka koma ga na'urar da ake yi wa caji ana kuma ƙara mata ruwa. Wancan na farko ba ya neman wata kulawa, wannan kuwa sai an san makamarsa. Ba a daɗe ba tawa ta fara wani ƙauri mai shaƙe maƙogwaro, har na soma tunanin ko jabu aka sayar mini, na shigo shagonku da niyyar sayen sabuwa. Da kun miƙo mini ita kun karɓi kuɗinku, da babu wanda zai ga laifinku.

Maimakon haka, ma'aikacinku ya karɓi na'urar, ya kwance atomaizar, wato ɓangaren da ke mayar da ruwa tururi, ya zaro koyil ɗin da ke ciki ya ajiye shi a kan takarda kusa da wani sabo. Ta 'yan ramukan da ke jikin sabon ana hango auduga fara fat, ta nawa kuwa audugar ta yi baƙi, ga wani datti mai danƙo ya daskare a kan wayar. Ya bayyana mini cewa koyil ba komai ba ne face siririyar waya ko ragar ƙarfe da aka kewaye da auduga, audugar na tsotso ruwa daga tanki, batir kuma na zafafa wayar har ruwan ya zama tururi. Lamarin kamar lagwanin fitila ne, wanda yake daɗewa muddin akwai kananzir, amma da zarar ya bushe sai wutar ta koma cin lagwanin kansa. Idan kuwa auduga ta riga ta babbake, to babu wankin da zai cire ƙaurin, dole sai an sauya koyil, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar na'ura ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya bi musabbabin matsalar ɗaya bayan ɗaya, bai tsaya a kan sayar mini da koyil kawai ba. Ya nuna mini cewa duk sabon koyil sai an fara jiƙa shi, a ɗiga ruwa kaɗan a kan audugar ta waɗannan ramuka, a cika tanki, sannan a yi haƙurin minti 5 zuwa 10 kafin a danna maɓalli, domin ana iya kashe koyil tun a zuƙar farko. Ya juya nawa ya nuna mini wasu ƙananan lambobi da aka rubuta a gefensa, waɗanda ke faɗin iyakar ƙarfin wutar da zai iya ɗauka, ya ce a fara daga mafi ƙanƙanta a riƙa ɗagawa sannu a hankali. Ya kuma ja hankalina kan zuƙa a jere babu hutu, wadda ba ta bai wa audugar damar sake jiƙewa, da kuma barin ruwa ya sauka ƙasa da ramukan koyil. Wannan na ƙarshe yana da saurin faruwa a ƙasar nan, tun da doka ta ƙayyade cewa tanki ba zai wuce mililita 2 ba, don haka kafin mutum ya ankara ya ƙare.

A kan batun ruwan kansa ne na fi ƙaruwa. Ashe manyan sinadaran da ke cikinsa biyu ne, PG (propylene glycol) mai tsinkewa da VG (gilisarin na tsirrai) mai kauri, kuma ruwan da VG ya yi wa yawa ba ya saurin ratsa audugar ƙaramin koyil, musamman a lokacin sanyin hunturu da yake ƙara kauri. Ga ƙaramar na'ura irin tawa, rabi da rabi ya ba ni shawarar in riƙa saya. Sannan ya faɗa mini gaskiyar da wani ɗan kasuwa zai iya ɓoyewa, cewa ruwa mai zaƙi sosai, wanda na lura shi ne ya fi cika kantocin shaguna, shi ne ya fi saurin kashe koyil, domin sinadarin zaƙin ba ya tashi gaba ɗaya tare da tururi, yana ƙonewa ne ya manne wa waya.

Wankin kuwa ba shi da wahala kamar yadda ya nuna. A raba tanki da batir, a cire koyil a ajiye gefe, a kwance sauran sassan a wanke da ruwan ɗumi, a kula da 'yan zobban robar da ke hana yoyo kada su bi magudana, sannan a bar komai ya bushe sarai kafin a mayar. Batir ba ya shiga ruwa ko kaɗan, sai dai a goge wurin da yake haɗuwa da tanki da busasshen tsinken goge kunne. Da na tambaye shi ko ana wanke koyil, sai ya ce ɗauraya kan ƙara masa 'yan kwanaki idan datti ne kawai, amma kada in sa rai da yawa, galibi bayan mako ɗaya zuwa biyu yana buƙatar canji.

Ban ɗauki wannan a matsayin batun ɗanɗano kaɗai ba. Idan waya ta yi zafi fiye da kima a kan busasshiyar auduga, ana samun ƙaruwar sinadarai masu cutarwa irin su fomaldihaid, kuma mai ci gaba da zuƙar na'ura mai ƙauri yana cusa wa huhunsa abin da ya gudo wa ne. Akwai kuma wani haɗarin, domin wanda na'urarsa ta riƙa ƙona masa maƙogwaro zai iya fusata ya koma wa kwalin taba. Hukumar lafiya ta NHS tana cewa sigarin lantarki bai kai taba illa ba, amma shi ma ba a rasa shi da haɗari, kuma ba a yi shi don wanda bai taɓa shan taba ba. Na ji daɗi da na ga haka kuke faɗa wa mutane ba tare da kwaskwarima ba, har ma kuka ba ni shawarar yadda zan riƙa rage ƙarfin nikotin daga miligiram 20 a kowace mililita ta ruwan, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda da ita, zuwa ƙasa, har in kai ga rabuwa da abin baki ɗaya.

Ina tsaye a wurin wani matashi ya shigo, kuka nemi shaidar cewa ya kai shekara 18, da ya kasa nunawa kuka sallame shi cikin mutunci. Na kuma ga akwatin da kuka tanada domin karɓar tsofaffin na'urori da batura, abin da ke da muhimmanci ganin yadda batirin litiyom kan tayar da gobara a motocin kwasar shara.

Roƙona ɗaya shi ne ku rubuta waɗannan bayanai a ƙaramar takarda ku riƙa haɗawa da kowace na'ura, domin ba kullum ba ne shago zai zama babu cunkoso har a samu lokacin yi wa kowa irin bayanin da aka yi mini. Idan kuna son a samar da ta Hausa, a shirye nake in taimaka.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa amanarku albarka.

Naku,
Wani abokin cinikinku a Birmingham