Wasiƙa Zuwa Ga Aminina, Sabon Mai Duba Malamai

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya tare da iyali. Na ji an ba ka aikin duba koyarwa a makarantun firamare, Allah ya taya riƙo. Ka ce in gaya maka yadda mu 'yan alli muke kallon masu wannan aiki, to ga shi ba ɓoye-ɓoye.

Yawancinmu ba ma ƙin a shigo a ga darasinmu. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne mai dubawa ya faɗo aji ba sanarwa, ya zauna a bencin baya yana cike takarda, ya karɓi littafin shirin darasi don ya ga ko hedimasta ya sa hannu, ya leƙa rajista, ya kama gabansa. Yarinyar da ke rubuta "b" a madadin "d" a gabansa ko kallonta bai yi ba. Sai rahoto ya biyo baya. Shi ya sa wasu malamai ke ajiye darasi guda wanda yara suka haddace amsoshinsa, sai baƙo ya zo a fito da shi. Kai ma ka sani, ai tare muka koyar.

Tun 1969 masanin ilimi Robert Goldhammer, wanda ya yi aiki da Morris Cogan a Jami'ar Harvard, ya fitar da tsarin duba koyarwa mai matakai biyar. Biyu daga ciki su ne malamai suka fi kwaɗayi: a zauna da malami kafin darasi a ji abin da yake son cimmawa, sannan a sake zama bayan darasi a tattauna abin da aka gani. A Ingila ma, Ofsted, hukumar duba makarantu, ta daina sa wa kowane darasi maki a 2014.

Abin da ya fi wuya shi ne, mutumin da zai rubuta rahoton ƙarin girman malami shi ne kuma ake so malamin ya gaya masa inda ya gaza. Wa zai yarda? Idan ka je don taimako, ka faɗa tun daga bakin ƙofa, kuma kada abin da aka gaya maka ya shiga fayil. Sabon malami yana so a nuna masa hanya ƙarara; wanda ya daɗe a aji kuwa, tambayarsa za ka yi.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka amini.